Kowa Daga Bakin Ƙofa Ya Tsaya

Ga-shi-nan ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin sawu ya kasa faɗin mai shi ba. Ya ce ko kaza ce ta ratsa tsakar gida, zai gaya maka a ƙoshe ta wuce ko da yunwa, in ka ƙara masa lokaci ma ya gaya maka abin da ke damunta a rai. Ya ce duk unguwar nan babu tafin ƙafar da bai haddace ba, daga na yaro mai koyon tafiya har na tsohuwa mai sanda. A shagon Mai Aski yake faɗin haka, kusan kullum, kuma ba mai musa masa, don in ka musa sai ya komo daga farko.

Ba kuma duka ne ƙarya ba. A da can aikinsa ke nan, bin sawun shanun sata da ɓarayinsu. A sa shi a gaba a shiga daji, yana duƙe yana nuna ƙasa da yatsa yana cewa, "Ga shi nan!" har kalmar ta cinye sunansa na gaskiya. Sai gari ya yi masa rashin mutunci, aka shafe ko'ina da kwalta da siminti. Yanzu in an kira shi, akuya ce ta ɓata, ita ma yawanci kafin ya gama neman hularsa ta dawo da kanta.

Mai Aski kuwa abokinsa ne tun na ƙuruciya, kuma shi ne idon unguwa da kunnenta. In ya ji 'yar hayaniya a waje, ko faɗan awaki ne, sai ya bar ka da rabin kai da kumfa a ƙeya ya tafi kallo, ya dawo ya ba ka labari, har da abin da akuyar ta so yi ba ta samu dama ba.

*

Bango ɗaya ne ya raba shagon askin da ɗakin niƙa. Wata safiya Dogo, mai yi wa Mai Niƙa aiki, ya tura ƙofa ya tarar da maigidansa kwance a gindin inji, jini ya bushe a gefen kansa, ga ƙarfen tayar da inji yashe kusa da shi. Dogo ɗan ƙanwar Ga-shi-nan ne, mutum mai tsayin da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, amma zuciyarsa ta ɗan tsako ce. Ya durƙusa ya rungumi kan mamacin yana kiran sunansa, sannan ya kurma ihu.

Wanda bai san ɗakin niƙa ba, ga yadda yake. Kullum da yamma Dogo yana share ƙasa tas ya tafi gida, ya bar maigidan yana shafa wa inji mai. Ƙurar garin da ke yawo a sama sai ta sauko a hankali ta kwanta, ƙasa ta koma fari fat kamar sabon zanen gado. Ko ƙadangare ne ya bi ta kai sai ya bar sa hannu. Wato wanda ya kashe Mai Niƙa ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina tona asiri. Sai dai Allah ya haɗa shi da maƙwabta masu zumunci.

Kafin ihun Dogo ya mutu, unguwa ta shiga. Maza, mata, mai goyo, mai buroshi a baki. Wata ta rufa wa mamacin zane. Wani ya ɗauki ƙarfen ya jinjina ya ce, "Kai, da nauyi," ya miƙa wa na kusa da shi ya tabbatar. Ga-shi-nan ya iso yana haki, ya kutsa ciki, ya shiga yi wa jama'a faɗa da babbar murya kada kowa ya taka sawu. Ya daɗe yana jawabi. An saurare shi sosai, ana ci gaba da takawa.

Da 'yan sanda suka iso, wata Sufeto ce a gaba, yarinya 'yar gajeruwa mai ƙaramar murya. Ta tsaya ta dubi ɗakin, ta dubi mutane, ta rufe ido na ɗan lokaci kamar mai ciwon kai. Ta sa aka fitar da kowa. Ba su zo da abin kewaye wuri ba, sai aka aro igiyar shanya a maƙwabta aka ɗaure a ƙofa, da wandon wani yaro a jikinta bai gama bushewa ba. Ta yi ta ɗaukar hoto da waya. Aka sa ƙarfen a sabon buhu, aka tafi da gawar asibiti.

A nan aka fara ƙus-ƙus. Wa ke da mabuɗi? Dogo. Wa ke da jini a riga? Dogo. Wa Mai Niƙa ya zaga gaban mutane kwanan baya a kan ya ƙona bel ɗin inji? Dogo. Da Sufeto ta ga wasu sun fara duba duwatsu a ƙasa, sai ta tura Dogo cikin mota ta rufe.

*

Uwar Dogo ita ce autarsu Ga-shi-nan. Ta yi furfura, ta yi jikoki, amma har yau Auta yake ce mata. Ta same shi a ɗaki yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

"Yaya."

"Auta, ki kwantar da hankali."

"Hankalina yana ofishin 'yan sanda, an cire masa takalmi da bel." Ta zauna a bakin gado ba a ce ta zauna ba. "Tun ina 'yar ƙarama nake jin labarin shanun nan. Na ji na saniya mai ɗingishi, na ji na ɓarawon da ya sa takalmi a juye. Ban taɓa katse ka ba, ko da labarin ya canza. Yau ga ranarka ta zo. Ka fito mini da ɗana."

"Ai da ba don 'yan sandan nan sun ɓata wurin ba..."

"Ban tambaye ka wa ya ɓata ba. Yaron nan ko kaza aka ce ya yanka sai ya ba ta haƙuri tukuna. In suka kai shi kotu da rigar nan, shi ke nan." Ta nuna ruwan da yatsa. "Ka cire ƙafar nan daga ruwa, ba kai aka kashe ba."

*

Kafin rana ta yi tsaka, maganar ta bar kan wa ya kashe Mai Niƙa ta koma kan yadda 'yan sanda suka yi aiki. Shagon Mai Aski ya zama majalisa. Shugabanta Lauya ne, wanda ba lauya ba ne, ya dai taɓa aiki a shagon buga takardu da ke kallon kotu, tun daga nan yake yawo da biro uku a aljihun gaba.

"Igiyar shanya!" in ji Lauya. "A ƙasashen da suka san abin da suke yi, farar riga ake sakawa har ka, da safar hannu, da safar takalmi. Gashi ɗaya tak za su tsinta su gaya maka sunan mutum da na surukarsa. Mu kuwa buhu! An sa shaida a buhu kamar gawayi! Zanen yatsun da ke jikin ƙarfen nan fa?"

"Sun goge shi," in ji Direba, wanda shi ne ya fara jinjina ƙarfen.

"Da gangan ma," in ji wani.

"Ba da gangan ba ne, rashin kayan aiki ne," in ji Tela. "Ku ba yarinyar nan kaya ku gani."

"Ka yi shiru," in ji Lauya, "ai ɗan yayanka ɗan sanda ne."

Washegari gidan rediyo ya ɗauki zancen, ana bugo waya. Wani ya ce a sallami Sufeto. Wata ta ce a ba 'yan sanda horo. Wani ya ce shi dai a gyara musu wuta. Lauya ya bugo ya yi magana har aka katse shi. Sai aka miƙa wa Ga-shi-nan waya, ya gyara murya ya shaida wa duniya cewa shi da idonsa ya ga sawu a ɗakin nan kwance kamar rubutu, manyan takalman gwamnati suka bi ta kai. Ya ce da an bar masa wurin, da kafin a ɗora tukunyar rana mai laifi yana hannu.

Mai Aski yana ta aski, yana cewa, "Haka ne, haka ne." Ranar ba wanda ya bari da rabin kai.

*

Ga-shi-nan ya sa hula ya fita aiki. A bakin ɗakin niƙa ya duƙa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ga farin sawu ya fito ya bi titi. Zuciyarsa ta yi tsalle irin na da.

"Ga shi nan!"

Ya bi shi har ƙofar gidan Direba.

"Kai, ka shiga ɗakin nan jiya?"

"Ni, Baba? Allah ya kiyaye. Daga bakin ƙofa na tsaya."

"To wannan farin da ke kan dakalinka fa?"

Direba ya dubi dakalin kamar yau aka kawo shi. "Iska ce."

Ga-shi-nan ya koma ya ɗauko wani sawun. Wannan ya kai shi gidan Goggo mai sayar da itace. Ta ce ita mace ce mai tsoron gawa, daga bakin ƙofa ta tsaya, zanen da aka rufa wa mamacin ma miƙawa ta yi. Na gaba ya kai shi shagon Tela. Shi ma daga bakin ƙofa. Mai Gyaran Waya daga bakin ƙofa, hoton mamacin da ke wayarsa kuwa, wanda har ƙofofin hanci ana gani, ƙarfin kyamara ne. Kafin la'asar Ga-shi-nan ya gane abu biyu. Na ɗaya, kusan kowane gida a layin akwai farin sawu a ƙofarsa. Na biyu, ƙofar ɗakin niƙa, wadda mutum biyu ba sa shiga a jere, ta ɗauki unguwa guda a tsaye a bakinta.

Gidan Lauya ne ya ba shi fata. Babu fari a ƙofar, amma ga takalmi sau-ciki an wanke an jingine a rana. Kuma kowa ya san Lauya ya sha faɗa da mamacin a kan ƙarar inji tana hana shi nazari.

"Me ya sa ka wanke takalmi?"

"Baba, wannan tambayar a doka ana ce mata..."

"Ka shiga ko ba ka shiga ba?"

"Daga bakin..." Lauya ya dubi fuskar tsohon ya fasa. "Na shiga. Amma ni a matsayin masani na shiga. Da hankici na ɗauki ƙarfen. Na ga ba a inda ya kamata yake ba, sai na gyara masa zama."

"Shekaranjiya da yamma, bayan an kashe inji, kana ina?"

"Ina nazari."

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya. "Baba, wanke-wanke yake yi mini. Daga nan ya goya yarinya har ta yi barci. Ko ƙofa bai leƙa ba."

Lauya ya raka shi har waje yana gyara biro. "Baba, maganar goyon nan, ba sai ta shiga bincike ba."

*

A ofishin 'yan sanda an bar shi ya ga Dogo ta tsakanin ƙarafa. Ya rame, idonsa ya faɗa.

"Kawu, wallahi ɗago kansa kawai na yi. Na ɗauka suma ya yi."

"Na sani."

"Inna tana cin abinci?"

"Tana cin naman jikina dai. Ka yi haƙuri, ɗana."

Yana juyowa ya ga Sufeto a bayansa.

"Baba, na ji ka a rediyo."

Ga-shi-nan ya gyara hula. "To, 'yata, gaskiya ce ba ta da daɗi."

"Ba ta da shi kam. Igiyar shanya gaskiya ce, ba mu da abin kewayewa, na rubuta na gaji. Safar hannu da kuɗina nake saya. Amma ƙarfen nan kafin ya zo hannuna ya gaisa da rabin unguwarku. In na bi zanen yatsu, sai na kama har mai goyo." Ta ja masa kujera. "Ɗanka kuwa, in na sake shi yau ba tare da na nuna wani ba, ka san abin da za a yi masa a titi. In kuma na daɗe ban samu wani ba, manyana za su ce a kai shi kotu. Zauna, Baba. An ce kana karanta ƙasa."

Ta buɗe waya ta miƙa masa.

"Wuri ɗaya ne ba a taka ba, don akwai mutum kwance a kai. Da muka ɗaga gawar, wannan muka gani a ƙarƙashi."

Sawu ne guda ɗaya, na ƙafar dama, a kan farin gari, ko gefensa bai zube ba. An yi shi bayan shara, kafin mamacin ya faɗi. Ba na Dogo ba ne, don ƙafar Dogo ta kusa biyunsa.

"Na kai wa masu takalmi," in ji ta, "sun ce irinsa ya cika kasuwa. Ni takalmi nake gani. Kai me kake gani?"

Ga-shi-nan ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya ce ta ƙara girman hoton. Surutun nan nasa duk ya tafi. Diddigen takalmin lafiya lau, kamar ba a tafiya da shi. Amma ƙarƙashin babban yatsa zanen ya cinye, ya yi sumul, kuma a zagaye ya cinye, kamar an murza da dutse.

"Wannan ba mai yawo ba ne," ya ce a hankali. "A tsaye yake wuni, a wuri ɗaya. Kuma juyawa yake yi a kan ƙafar nan, yana kewaya wani abu. Kullum, shekara da shekaru."

"Kewaya me?"

Shekara nawa yana zaune a benci yana ba da labarin shanu, idonsa a ƙasa saboda sabo, yana kallon wata ƙafar dama tana murzawa tana kewaya kujera? Sai kuma wani abu ya faɗo masa. Duk yawon da ya sha a layin nan, ƙofa ɗaya ce bai tsaya ba, don babu fari a gabanta ko ɗigo.

"Baba?"

"Ki tara mini su gobe da safe a ƙofar ɗakin," ya ce. "Ki zo da garin masara kwano guda."

A hanyar gida ya wuce shagon askin. Mai Aski ya ɗaga masa hannu, ya ce ga benci. Ga-shi-nan ya ce ƙafa ke damunsa. A gida Auta ta kawo masa abinci ta tsaya a kansa, ya ce ba ya jin yunwa. Ta dube shi da kyau, ta rufe kwanon ta ajiye masa.

*

Da safe layin ya cika. Sufeto ta sa aka barbaɗa gari a kan simintin ƙofar, fari fat. Lauya ya ce wannan ba ya cikin tsari, aka ce ya matsa.

Ga-shi-nan ya tsaya a gaba. Yau bai gyara murya ba.

"Tambaya ɗaya ce. Wanda ya san ya shiga ɗakin nan shekaranjiya da safe, ya ɗaga hannu. Wanda bai ɗaga ba zai taka garin nan, mu gwada da hotunan da ke hannun hukuma."

Direba ya ɗaga hannu kamar mai sosa kunne. Goggo ta ɗaga, tana cewa ita taku biyu ta yi. Tela, Mai Gyaran Waya, Lauya da bironsa. Hannuwa suka yi ta tashi har mai goyo, har da ɗan goyon.

Hannu ɗaya ne bai tashi ba.

"Ni kam ban shiga ba," in ji Mai Aski. "Daga bakin ƙofa na tsaya. Kowa shaida ne."

"Gaskiya ne," in ji Tela. "Na gan shi, ko leƙawa bai yi ba."

"Ni ma na ce masa zo ka gani, ya ce a'a," in ji Direba.

"Na sani," in ji Ga-shi-nan. "Duk unguwar nan kai kaɗai ka faɗi gaskiya. Shi ne abin da ya hana ni cin abinci." Ya matso kusa da shi. "Abokina, kai da ka taɓa barina da rabin gemu don motar yashi ta faɗa kwata. An kashe mutum a bayan bangonka, kowa ya shiga kallo, kai ka tsaya a waje. Me ya hana ka?"

"Ba na son ganin jini."

"Kai? Mai aska?"

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Taka garin nan," in ji Ga-shi-nan. "Don Allah ka taka ya nuna ƙarya nake yi. Wallahi zan fi kowa murna."

Mai Aski ya dubi garin. Ya dubi ƙafarsa ta dama. Sannan ya zauna a kan dakali kamar an zare masa ƙashi.

"Mai Niƙa ya sayi ginin," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ya ce zai fasa bangon ya sa inji na biyu, in kwashe kujerata. A shagon nan ubana ya koya mini riƙe aska. Na shiga in roƙe shi bayan yaron ya tafi. Yana shafa mai, ko juyowa bai yi ba. Ya ce in je gindin bishiya, ai aski ba ya buƙatar rufi. Yana dariya. Ƙarfen yana nan a kan buhu." Ya rufe fuska da hannu biyu. "Sau ɗaya ne. Na fita ta baya. Da aka tafi da Dogo na ce zan faɗa, kullum sai in ce gobe."

Ba wanda ya ɗauki dutse. Goggo ta fara kuka, ba a san wa take yi wa ba, mamacin ko mai kisan. Da za a sa shi a mota, Mai Aski ya juyo ya miƙa wa Ga-shi-nan mabuɗin shago.

"Akwai ruwa a kan wuta, ka sauke."

Ga-shi-nan ya karɓa. Ya je ya sauke ruwan, ya zauna a bencin shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya rufe shagon.

*

Da rana aka saki Dogo. Auta ta riƙe shi a tsakiyar ofishin tana duba shi gaba da baya kamar kayan da aka dawo mata da su daga aro, tana yi masa faɗan wa ya ce ya taɓa gawa, tana share ido da gefen mayafi. Sannan ta juyo.

"Yaya, na gode."

Tunda take ba ta taɓa ce masa haka ba. Kalmar ta shiga jikin Ga-shi-nan kamar magani. Kafaɗunsa suka dawo wurinsu, muryarsa ta dawo, har ta fi da.

"Ai ba komai, Auta. Sawu ɗaya tak, kin gani. Da tun farko an bar mini wurin nan yadda yake, yaron nan ko zama ba zai yi a nan ba. 'Yata, ba don in ɓata miki rai ba, kin yi ƙoƙari, amma ki ja wa yaranki kunne. Ƙafa ba a ajiye ta ko'ina."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Sufeto. "Akwai ma hoto ɗaya da ya fi ci mini rai, ko za ka duba mini." Ta buɗe waya. "Nan ƙofar baya ce. Jama'a ba su kai nan ba, duk suna wajen gawar. Ta nan ya fita, ka ga ragowar sawunsa a gefe. Da an bar shi, da ya kai mu har bayan shagon aski tun ranar farko, Dogo ya kwana a gida. Sai mutum ɗaya ya zo ya yi ta kai da komowa a kai har ya shafe shi."

Ga-shi-nan ya karɓi wayar ya nisanta ta daga ido. Ya girgiza kai.

"Kai, wannan bai kyauta ba. Dubi ɓarna. To bari in gaya miki ko wane ne. Mutum ne mai jiki, kuma ya manyanta. Yana jan ƙafar hagu. Kin ga nan ya tsaya, ya juya, ya koma, ya sake tsayawa? Magana yake yi wa mutane. Irin masu son a ji su ne, in ya fara ba ya gamawa. Cikin yaranki wa ke da surutu?"

"Yarana duk samari ne, Baba. Kuma kafin mu zo aka yi shi."

"To ki neme shi, ba zai yi wuya ba. Ga shi nan, diddigen takalmin hagu ya tsage, an ɗinke shi da waya. Irin wannan ko kwana ɗaya ne a rufe shi ya ji yadda yaron nan ya ji."

Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Auta ta bi idonsa da kallo. Ta saki hannun ɗanta a hankali.

"Yaya," ta ce, "ɗaga ƙafarka ta hagu."

Ya ɗaga. Diddigen takalmin a tsage yake, an ɗinke shi da waya.